Tsutsar Shulan

Shekarar da annobar aladu ta ratso yankinmu, Meng Shulan na cikin waɗanda aka share wa garke kaf. Ma'aikata suka zo cikin fararen riguna, suka haƙa rami a bayan gonar rake, kafin rana ta karkata babu ko ɗan alade ɗaya a gidanta. Mijinta, Tsoho Lu, ya rasu tun ɗansu Jianbo yana sakandare, kuma da aladun nan ta kai yaron har jami'a a birnin Nanning. Ni sunana Huifen, ina da shagon taliyar shinkafa a bakin tashar mota, kuma ni da Shulan tare muka yi 'yan matanci. Da na je yi mata jaje, sai na tarar da ita tana wanke ɗakunan da babu komai a ciki.

"Yaya Shulan, wa kike wanke wa?"

"Hannuna ne bai ji labari ba tukuna," in ji ta, ta ci gaba da goga.

Ba ta iya zama haka nan ba. Bayan 'yan watanni ta sayo 'yan tsaki masu rawayan gashi, irin waɗanda ake kiwatawa don nama, ta zuba su a ɗakuna biyu na gaba. Amma kiwon kaji a wannan lokacin wahalar banza ne. Waken soya ya yi tsada, garin kifi ya fi shi, kuma in ba ka sa ɗayansu a abincin ba, kaza sai ta tsaya maka kamar tantabara. Zubin farko ta fita da ƙyar. Na biyu ma haka.

Wata rana ta shigo shagona da wayarta a hannu, ta nuna mini bidiyon wani mutumin lardin Guangdong yana tsoma hannu cikin wani faranti yana ɗebo wani abu fari yana motsi. Na ture wayar.

"Ina sayar da abinci, Yaya. Ki rufa mini asiri."

"Ke dai duba. Kaji yake ba wa."

Ta hau mota ta tafi wajen mutumin, ta kwana can, ta dawo da wani ɗan kwali da bai kai tafin hannu ba. Abin da ke ciki kamar garin katako. Ta ce ƙwan ƙuda ne. Ba ƙudan gida ba, wani baƙi ne dogo mai kama da zanzaro, ba ya cizo, ba ya sauka a kan abincin mutane, aikinsa ya yi ƙwai ya mutu. Tsutsarsa ce ake so. Ita kuwa ba ta da aiki sai ci. Ka zuba mata ragowar shinkafa, ɓawon kabeji, kan kifi, ruɓaɓɓen lemo, kafin ka waiwaya ta mai da shi ƙasa, ita kuma ta yi ɓulɓul.

"To ni mene ne nawa a ciki?" na tambaye ta.

"Ragowar da kike ba wa masu shara. Ki riƙa ajiye mini."

Haka ta fara. Sauran ɗakunan aladun ta jera musu farantan roba, ta ɗaura gidan sauro a ɗaya don ƙudajen. Kullum bayan an watse daga cin abincin rana, sai ga ta a babur ɗinta mai taya uku da shuɗayen jarkoki a baya, tana bin shagunan abinci ɗaya bayan ɗaya. In tsutsar ta ƙosa, sai ta tace ta, ta watsa mata tafasasshen ruwa, ta busar a wani murhu da ta gina da bulo, ta niƙa. Garin yakan fito ruwan ƙasa, yana ƙamshin soyayyar gyaɗa, in ba a gaya maka ba. Da fari ta zaƙe, ta cika shi da yawa a abincin, kajin suka yi ta zawo suka ƙi girma. Ta rage, ta sake ragewa, har ta tsaya a kan mudu ɗaya cikin goma, sauran masara da dusa da ɗan waken soya. Daga nan kajin suka miƙe. Ƙirji ya cika, ƙafa ta yi rawaya, fata ta yi sheƙi.

Mutanen gari kuwa suka samu abin taunawa. Tsofaffin da ke karta a gindin ceɗiyar bakin kasuwa suka sa mata Uwar Tsutsa. Tsoho Pang, wanda bai taɓa yin aikin da ya wuce riƙe kofin shayi ba, shi ne kan gaba.

"Uwar Tsutsa, ya 'ya'ya? Sun fara tafiya?"

"Suna gaishe ka, Kawu Pang. Sun ce ka daure ka ƙara ƙiba, suna nan suna jiranka."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Amma in ta zo wucewa mata sukan ja 'ya'yansu gefe, kuma a wajen biki kujerar da ke kusa da tata ita ce ta ƙarshen cika. Wari dai akwai shi, ba zan ɓoye ba, musamman da damina. Ya kama rigunanta, ya kama gashinta, sabulu ba ya fitar da shi gaba ɗaya. Kajin ne kawai ba su da wari. Waɗanda ke toshe hanci da rana su ne ke aiko surukansu da sassafe a zaɓo musu mai nauyi. Matar Tsoho Pang ta fi kowa zuwa.

Ana cikin shekara ta uku, Jianbo ya buga waya ya ce zai kawo yarinyar da zai aura da iyayenta a hutun sabuwar shekara. Sunanta Yating. Ubanta, Oga Fang, yana da motocin kwasar shara a Nanning, kuma a kamfaninsa Jianbo yake aiki. Shulan ta zo ta gaya mini, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Ya ce in rufe bayan gida," ta ƙara da cewa, tana wasa da murfin butar shayi. "Wai mutanen birni ne, ba su saba ba."

Ta rufe. Ta sayo tamfol ta zagaye ɗakunan, ta daina ɗauko ragowa tun ana saura kwanaki, ta wanke tsakar gida da toka. Ta manna sababbin jajayen takardun fatan alheri na sabuwar shekara a ƙofa. Ni na rufe shagona na je taya ta girki. Ta zaɓi kaji biyu da ta daɗe tana ware wa ranar, muka dafa su a ruwa da citta, muka tsoma a ruwan sanyi don fatar ta tsaya, ta sassara su ta jera a faranti kamar ba a yanka ba.

Baƙin suka iso a baƙar mota. Yating yarinya ce mai kunya, ta gaishe mu da hannu biyu. Uwarta ta sauko tana kallon inda za ta sa takalmi. Oga Fang gajere ne mai fara'a, irin mutanen da ke tambayar farashin duk abin da idonsu ya sauka a kai.

Abinci ya yi daɗi. Matar Fang, wadda da fari tsinkayen cin abincinta kawai take juyawa, sai da ta ƙara sau uku.

"Maman Jianbo, rabona da kaza mai ɗanɗano haka tun ina yarinya. Na birni duk kamar audugar katifa. Me kike ba su?"

Shulan ta buɗe baki, Jianbo ya riga ta.

"Masara ce, Mama. Da iskar ƙauye."

Bayan an gama, Oga Fang ya fita shan taba. Muna kwashe kwanuka ba mu lura ba, ashe ya zagaya baya. Tsutsa in ta yi yawa a wuri ɗaya tana da wani sauti, kamar yayyafi a kan kwano, kuma shi ya ja shi. Ya ɗaga tamfol ya shiga. Matarsa ta bi shi da rigar sanyinsa a hannu. Ba ta yi ihu ba. Mun dai ji takunta da sauri, sannan muka ji ta a gindin lemo tana mayar da duk abin da ta ci.

Yating ta ruga wajen uwarta. Jianbo ya tsaya a tsakar gida, kunnuwansa jawur. Shulan ta ɗebo ruwa a kofi ta kai, matar ta ɗaga hannu ta tare ta tun daga nesa.

Shi kuwa Oga Fang bai fito ba. Da Shulan ta leƙa, ta same shi a tsugune, ya naɗe hannun riga yana juya tsutsar da kara.

"Maman Jianbo, waɗannan nawa suke ci a rana?"

Ta gaya masa.

"Ragowar fa, saye kike yi?"

"Kyauta. Wasu ma godiya suke mini."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da juyawa har tabarsa ta mutu a hannu.

Ba su kwana ba. Kafin su shiga mota Jianbo ya ja uwarsa bayan ƙofa. Ina ɗakin girki, ban yi niyyar ji ba, amma bangon na katako ne.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Mama."

"Na rufe. Ka ga na rufe."

"Kin rufe. Tun ina jami'a nake jin kunyar warin aladu a jikin kayana, yanzu kuma wannan. Mutum ba zai taɓa ɗaga kai ba ke nan?"

Shulan ta raka su har bakin mota. Da motar ta tafi ta dawo ta zauna a gaban farantin, ta ɗauki wuyan kazar da ya rage ta cinye shi tas, ta ce in zuba mata shayi.

Ba a fasa auren ba. A Nanning aka yi shi, a wani babban otal. Shulan ta so ta kai kaji, aka ce otal ba ya karɓar abincin waje. Jianbo ya aiko mata da riga ja, ya ce in an tambaye ta ta ce kiwon kaji take yi, ta tsaya nan. Ta je ta dawo washegari. Na tambaye ta yadda aka yi, ta ce fitilu sun yi kyau. Daga nan sai waya ta yi wuya. Yakan aiko saƙo ranar bikin kallon wata na shekara-shekara, ita kuma ta aika masa da hoton lemon tsakar gida.

Shi ya sa, ranar da na ga motarsa a ƙofar gidanta wajen shekara guda bayan auren, na ɗauka wani ne ya mutu. Da yamma ta zo ɗaukar ragowa, tana tafe kamar mai shekara talatin.

"Ya shiga ɗakin, Huifen. Da ƙafarsa. Har ya sa hannu."

"Jianbo?"

"Ya ce in nuna masa yadda ake tara ƙwan. Ya ce ya yi tunani, abin da nake yi ba abin kunya ba ne."

Ya riƙa zuwa kusan kowane mako. Ta nuna masa yadda ake gane ragowa ta yi ruwa da yawa, yadda ake rage mata maiƙo da dusa, irin zafin da tsutsa ke gudu, lokacin da ake tace ta kafin ta yi baƙi ta taurare. Yana ɗauka a waya, tana gyara masa. In sun gama ta dafa masa kifi da tumatir irin yadda yake so tun yana ƙarami, ya ci ya yi barci a kan benci. Ni kaina na yarda. Na ce mata yaro ne ya girma, ya san ciwon kansa. Ban ga dalilin da zan ce wani abu daban ba, kuma har yau ina ganin ba duka ne ƙarya ba. Barcin nan da yake yi a kan benci na gaske ne.

Wata Asabar ya zo da wata budurwa mai kyamara. Ta sa Shulan ta tuɓe rigar robarta da takalman ruwa, ta ba ta shuɗiyar riga irin ta kakanninmu da malafa sabuwa, ta ɗora mata kaza a hannu. Aka kai ta bakin gonar rake inda haske ya fi kyau.

"Goggo, murmushi. Ƙara kaɗan. Kamar kin ga jikanki."

Jianbo ya ce hoton na tarihi ne. Shulan ta ba ni labari tana dariya, ta ce kazar ta yi mata kashi a hannun riga.

A ƙarshen damina aka fara gini a tsohon filin masana'antar sukari. Kafin sanyi ya shigo, dogayen rumfuna sun tsaya, da manyan tankuna masu ƙyalli. Sai kuma sanarwa ta fito daga gunduma: saboda tsabta, daga yanzu ragowar abincin shaguna kamfani mai lasisi ne kaɗai zai kwasa. Kamfanin guda ɗaya ne, na Oga Fang, kuma manajan sabuwar masana'antar, wadda ta kiwon tsutsa ce, shi ne surukinsa. Aka kawo mana koren duron shara mai kwaɗo, ɗaya a bayan kowane shago. Aka ce duk wanda aka kama ya ba wa wani, za a rufe masa wuri.

Ranar da nawa ya iso, Shulan ta tsaya a babur ɗinta tana kallonsa. Ta zagaya sauran shagunan, ta dawo da jarkokinta suna ƙara, babu komai a ciki. Ta kira Jianbo daga shagona, ta ce ya zo. Ya zo da la'asar, na ba su teburin ciki.

"Ka san da wannan?"

"Mama, dokar gunduma ce. Ko ba mu ba, wani zai karɓa."

"Ba ita na tambaye ka ba. Ranar da ka sa hannu a farantina, ka san da wannan?"

Ya juya kofinsa. "Na san ana maganar. Ban san za a hana kowa ba."

"Kowa. Mutum nawa ne ke kwasar ragowa a garin nan?"

Ya kai kofin bakinsa.

"To ka ba ni shaguna uku," in ji ta. "Na Huifen da biyu na bakin tasha. Ba za su rage ku da komai ba."

"In na ba ki, na karya dokar da ni nake riƙe da ita. Baban Yating ba zai yarda ba, kuma yana da gaskiya." Ya matso da kujerarsa. "Mama, ki saurare ni. Shekararki nawa? Bayanki yana ciwo, na gani. Garin tsutsar nan da kike wahala a kai, mu za mu yi shi a inji, mai tsabta, babu wari. Zan riƙa aiko miki da shi har gida, ba sai kin taɓa ƙazanta ba. Ko ki bar kajin ma, ki zo Nanning. Yating tana da ciki. Muna buƙatarki."

Da ta ji maganar cikin, fuskarta ta motsa, na ga ta so ta yi murna. Ta ce Yating ta riƙa shan romon kifi, kada ta ɗaga abu mai nauyi. Sannan ta miƙe.

"Uwar Yating tana nan kusa da ku. Hannunta ya fi nawa tsabta."

"Mama, wannan maganar ta wuce."

"Ta wuce a wurinka."

Na yi ƙoƙarin ɓoye mata ragowa a bokiti cikin banɗaki, maƙwabcina mai shagon gyaran waya yana miƙa mata ta baya. Bai yi nisa ba. Direban motar kamfani ya lura durona ba ya cika, aka turo mutum ya yi mini magana mai laushi. Shulan da kanta ta ce in bari. Ta gwada ɓawon rake da ganyen da ake zubarwa a kasuwa, amma tsutsa ba ta ƙiba da ganye. Suka ƙanƙance, ƙudajen suka rage ƙwai. Wata safiya ta kwance gidan sauron, ta buɗe taga, ta juye farantan ƙarshe a gaban kaji.

Ranar buɗe masana'anta Jianbo ya aiko mota. Ta ce ba za ta je ba, sannan ta ce in raka ta. Aka yi rawar zaki, aka yi wasan wuta, manyan gunduma suka jeru da jan ƙyalle a gabansu. Oga Fang ya tare mu da fara'arsa, ya riƙe hannunta da hannu biyu, ya zaunar da ita a sahun gaba kusa da matarsa. Matar ta yi mata murmushi ta ce ta ƙara ƙuruciya.

Jianbo ya hau ya yi jawabi, kuma ya iya magana. Ya ce ƙasarmu tana sayo waken soya daga ƙetaren teku don ciyar da kaji, alhali abincin da muke zubarwa zai iya komawa nama. Ya ce shi ɗan ƙauye ne kuma yana alfahari da haka. Ya ce wannan aiki gado ne daga wata mace da mutane suka yi wa dariya ba ta fasa ba. Ya nuna ta da hannu. Aka tafa, har da Tsoho Pang da ke tsaye a baya da kwalbar lemon kyauta. Sai aka ja jan ƙyallen.

Buhuna ne a jere har sama. A jikin kowanne akwai Shulan, da malafa da shuɗiyar riga da kaza a hannu, tana murmushi. An goge mata tabon da ke haɓarta, an ƙara wa haƙoranta fari. A ƙasa an rubuta da manyan jajayen haruffa: Garin Mama Meng.

Ta daɗe tana kallo. Wani ɗan jarida ya miƙo mata makirufo ya ce Goggo ta faɗi yadda take ji.

"Kazar ba tawa ba ce," ta ce. "Sun canza ta. Tawa ba ta da fari a wutsiya."

Ya yi dariya don ya ɗauka wasa ne, ya wuce wajen manya.

Gaskiya ita ce garin nasu yana da kyau. Masu kaji a duk gundumar suka koma kansa, kajinsu suka yi nauyi, ba wanda ya yi ƙorafi. Jianbo ya cika alkawari, ya aiko mata da buhuna har ƙofar gida. Ta bar su a inda direba ya sauke su, ruwa ya dake su, har maƙwabta suka zo suka roƙa ta ce su ɗauka. Ta sayar da kajin da suka rage wa wani mai gasawa, ta sa kwaɗo a ɗakunan.

Buhu kuwa in ya ƙare ba a yar da shi a garinmu. Sai ga fuskarta ko'ina. An toshe tagar da ta fashe da ita, an shimfiɗa ta ana shanya barkono, mai kifi ya taka ta don kada santsi ya kwashe shi. Yanzu ba wanda ke ce mata Uwar Tsutsa. Mama Meng ake cewa, har da waɗanda suka girme ta, kuma kowa ya ɗauka ta yi arziki. Matar Tsoho Pang ta tare ta a kasuwa ta ce ta yi wa jikanta hanyar aiki a kamfaninsu. Shulan ta ce za ta duba.

Da Yating ta haihu, ta je ta ga jaririyar, ta kai jajayen ƙwai na barka da munduwar azurfa ta kakar Jianbo. An karɓe ta da kyau, in ji ta. Akwai kwalbar ruwan wanke hannu a bakin ƙofa, kowa yana amfani da ita, ba ita kaɗai ba. Ta maimaita mini wannan har sau biyu. Ba ta yi mako ba ta dawo.

Zaman gida ya so ya kashe ta, sai ta fara zuwa shagona tun safe. Da fari zama take yi, daga baya ta ɗauki soso. Na ce mata ba zan sa ƙawata wanke-wanke ba, ta ce ba ni na sa ta ba. Yanzu ita ce ke kwashe kwanuka bayan abincin rana, kuma ita ce ke kai ragowa koren duron. Kafin ta juye sai ta tsuguna ta bi ta da hannu, ta fitar da tsinken sakace, da takardar goge baki, da guntun leda, da murfin kwalba.

"Yaya, bar shi," na ce mata rannan. "Suna da inji mai tacewa."

"Inji ba ya ganin leda ƙarama," ta ce. "Su kuma tsutsotsin ba su san bambanci ba, duk abin da aka zuba musu shiga za su yi."

Ta juye, ta rufe murfin, ta datse kwaɗon. Ta wanke hannunta a famfon waje, ta shigo ta tambaye ni ko akwai sauran romo.